Tsakanin Ya da Ta

Zuwa ga aminiyata Bilkisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da jaririya da Hajiya da sauran mutanen gida a Yola. Yaya ruwan zafi? Allah ya raya mana, ya sa ki gama wanka lafiya.

Saƙonki na godiya ya kwana huɗu a wayata ban amsa ba. Kin ce kin ga hotunan taro, kin ce ba ki da bakin gode mini. Kullum sai in buɗe shi in rufe. Yau dai na ga gara in amsa miki a nan shafina, inda masu karanta mu za su gani, tunda a gabansu na yi abin da na yi.

Ki yi haƙuri in maimaita abin da kika riga kika sani, saboda masu leƙowa. Ranar Asabar aka yi taron marubuta da masu karanta labaran bincike a wani otal a Garki, irin labaran nan namu da ake tsintar gawa a shafin farko, a yi ta neman mai laifi har shafin ƙarshe. Haihuwa ta hana ki zuwa, kika ce in wakilce ki. Na taso daga Kubwa da katan biyu, ɗaya littattafaina, ɗaya naki. Aka ba mu tebur biyu a jere, na shimfiɗa musu ƙyalle iri ɗaya don kar a ce na nuna son kai.

Kafin azahar naki katan ya zama fanko. Layi ya miƙe daga teburinki har bakin ƙofa. Wata mata ta ce tun daga Uke ta shigo mota, a bakin titi take karanta ki tana sayar da doya. Nawa teburin kuwa, wata baiwar Allah ce ta ɗauki littafi ɗaya, zuciyata ta yi tsalle, ashe fifita za ta yi da shi kafin layi ya iso kanta. Ta gama ta ajiye mini abina da ladabi, har da godiya.

Ranar nan ban ji sunana a bakin kowa ba. Ƙawar Bilkisu na zama tun daga maigadi har masu ɗaukar hoto. Ina ta murmushi har kumatuna suka yi tsami, ciki kuwa ƙyashi ne yake ci na, kuma ba ɗan kaɗan ba.

Da a ce littafin naki ba shi da daɗi, da na samu abin riƙewa. To, kin san ni da shi. Sau uku na karanta kashi na farko, akwai ranar da na wuce inda zan sauka a mota saboda shi. A wajen taron ma na tsaya musu da wani mutum a kan lokacin da aka kunna wutar gashin tukwane a cikin labarin, har ya tambaye ni ko ni na rubuta. Babu wanda ya kai ni son labarin nan a zauren, kuma babu wanda ya kai ni jin haushin cewa ba daga hannuna ya fito ba.

Kin tuna ɗakinmu na Nyanya? Kin tuna cunkoson safiya, muna cikin bas, ke ki zaɓi fasinja ɗaya da ido, ni in raɗa miki yadda za a kashe shi da wanda za a zarga? Lokacin ni ce marubuciyar. Ni na riga ki fitar da littafi, ke kuwa a bayan takardun ofis kike rubutu, ki kawo mini in bi da jan biro kina kallona kamar mai jiran sakamakon asibiti.

A ɗakin nan na koya miki abin da na fi tinƙaho da shi. Na ce miki, “Hausa ba ta rufa wa mai laifi asiri. Da kin ce ya shiga ko ta shiga, kin ba da rabin labari.” Na nuna miki yadda ake fakewa da an da aka: an kulle ƙofa, aka ɗauke makulli, aka bi ta bayan gida. Kika yi ta maimaitawa kina dariya. Daga baya kika fi ni iyawa, wannan ma ban taɓa faɗa miki ba.

Da wannan dabarar kika riƙe mutane wata bakwai. An tsinci gawar wata mai ginin tukwane a garin Kwali, kashi na farko ya ƙare zargi ya rage a kan mutum biyu, direban da ke kai mata kaya kasuwa da ma'aikaciyar jinya maƙwabciyarta. Namiji ɗaya, mace ɗaya. Kashi na biyu bai fito ba, kuma duk duniya ni kaɗai kika tura wa.

Bayan la'asar aka hau da ni kan mumbari a madadinki. Shugaban zaman wani dattijo ne mutumin Filato, Oga Bitrus muke ce masa. Ya ja kunne tun farko cewa duk wanda ya san ƙarshen labarin da bai fito ba, da an da aka zai yi magana, haka ƙa'idar taron take. Na gyaɗa kai, har ina jin daɗi a raina, wai ni za a koya wa.

Na zo da 'yar takarda a jaka, na rubuta abin da zan ce idan an tambaye ni nawa littafin. Ba ta fito daga jakar ba. Tambaya ta bi tambaya, duk ke. Can wata budurwa ta miƙe, da zuciya ɗaya wallahi, ta ce tunda ni ƙawarki ce, ko ke kika koya mini rubutu? Aka tafa mata. Na ce muna dai taimakon juna.

Mai tambaya na gaba ya so jin yadda aka kulle ƙofar daga ciki. Na fara daidai, an yi kaza, an yi kaza. Da na zo kan makullin, maimakon in ce aka, sai na saka ɗaya daga cikin kalmomin nan biyu, ya ko ta. Ba zan maimaita wacce ba ce a nan, sau ɗaya ma ya isa.

Na ga kawuna suna juyawa. Sai Oga Bitrus ya fashe da dariya ya ce, “Jama'a, kar ku damu, nan Abuja ne fa. Mu nan matata ya zo, yarona ta tafi, duka ɗaya ne.” Aka kwashe da dariya, aka wuce wurin. Ni ma na yi dariyar, har da dafa ƙirji.

Na ɗauka na sha. Ina haɗa kayana wata tsohuwa ta tsaya a gabana, malamar makaranta ce da ta yi ritaya, tun safe tana kujerar gaba. Ta ce tun fitowar kashi na farko ita da jikokinta suke ta lissafi a gida, kowa da wanda yake zargi, yau na ƙwace mata. Sannan ta dube ni ta ce, “Ke Bakanuwa ce, 'yata. Ba kya kuskuren ya da ta.” Ba ta ɗaga murya ba, ta juya ta tafi.

Tun daga Garki har Kubwa ina gaya wa kaina suɓutar baki ce. Kwana huɗu ina gwada wannan ƙaryar, ta ƙi zama. Bilkisu, ba suɓutar baki ba ce. Kalmar aka tana kan harshena, ina ji ina gani na ture ta. Na so ko na minti ɗaya zauren nan ya san akwai abin da na sani wanda su ba su sani ba, kuma na so in rage miki wani abu. Ke kina can kina fama da jego, kin ba ni amanar abin da kika yi shekara kina ginawa, ni kuma abin da na yi da ita ke nan.

Ban san mutum nawa suka gane ba. Wataƙila dariyar ta rufe wa da yawa kunne. Amma ban so ki ji a bakin wani, kuma ban so ki ci gaba da gode mini.

Kin ce bayan arba'in za ki turo mini sabon da kika fara, in karanta kafin kowa kamar yadda muka saba. Kar ki turo, ƙawata. Babu abin da nake so a harkar rubutu kamar ranar da saƙonki yake shigowa da babi na farko, kuma na san zan yi kewarsa sosai. Amma sai na yarda da bakina tukuna. Idan ya fito zan bi layi in saya, in yi ta zargin wanda bai ji ba bai gani ba tare da kowa.

Allah ya ƙara wa alƙalaminki albarka, ya raya miki 'yarki cikin imani. Allah ya wanke mini zuciya daga ƙyashin wadda nake ƙauna, ya sanya miki sanyin da za ki iya yafe mini, ko ba yanzu ba.

Taki, in har kina so,
Rakiya