Damin Kawu Iro

Karaye, 4 ga Disamba

Zuwa ga Yaya Maijidda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam Abdullahi da yara.

Ga ni a Karaye. Kwalejinmu ta turo mu sanin makamar aiki na wata uku, kamar yadda ake yi wa duk ɗaliban sashen mulki da walwalar jama'a. An haɗa ni da wata ƙungiya mai tallafa wa tsofaffi da abinci. Aikina in binciko waɗanda suka cancanta, in rubuta cikakken rahoto a kan mutum ɗaya, kuma a kan rahoton za a ba ni maki.

Da na ga Kafin Dafga a cikin jerin garuruwanmu, Kawu Iro ne ya faɗo mini a rai. Mutumin da ya riƙa aiko mana da hatsi har Ruwan Bago bayan rasuwar Baba, yau gwiwa ta zaunar da shi, ɗansa Sulle ya rasu, daga shi sai matarsa Inna Turai. Idan karatuna bai amfane shi ba, wa zai amfana?

Abu ɗaya ya ɗaure mini kai. Ranar da na zo garinku ban same ki ba, na auna gonarsa da ƙafa. Komai kyan damina ba za ta wuce dami huɗu na dawa ba. Amma an ce Salman da ke noma masa ita dami goma sha biyu yake kai masa duk kaka. Ke da kike aure a garin, ki warware mini.

Ki huta lafiya.
Ƙanenki, Bahauddeen

Kafin Dafga, 9 ga Disamba

Bahau,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ya karatu? Sannu ma'aikaci. Shekara biyu a kwaleji har ka fara auna gonakin mutane, mu da muka tsaya a aji uku sai mu yi ta kallo.

Na rubuto ne na ba Ashiru direba, domin wayar gidan nan ta Malam ce, a zaure ake amsa ta, maganar nan kuwa ba ta zaure ba ce.

Lissafinka daidai ne, huɗu gonar take bayarwa. Sauran takwas ɗin na gidaje takwas ne, har da namu. Ranar da Salman zai kai dawar, sai ya bi da amalanken shanu ta bayan gari. Kowane mai gida ya ɗora dami ɗaya ya juya, ba sallama, ba Allah amfana. Idan ya isa sai ya ce, "Baba, ga abin da gona ta yi." Kawu ya ce, "Alhamdu lillahi, bana ma ta yi albarka." Shekara bakwai ke nan ana haka, ko a tsakaninmu mata ba a taɓa furta shi a bakin rijiya ba.

Ka san Kawu. Mutumin da rabin garin nan suka ci daga rumbunsa ba zai miƙa hannu ba, ko yunwa za ta kashe shi. Na gaya maka ne don ka daina tambayar mutane, ba don ka rubuta ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Tsofaffi sun cika gari, ka nemi wani.

Allah ya ba da sa'a.
Yayarka ta gaskiya ko ka ƙi ko ka so, Maijidda

Karaye, 15 ga Disamba

Zuwa ga Yaya Maijidda,

Assalamu alaikum. Na ga saƙo, na gode, kuma abin ya taɓa zuciyata ƙwarai.

Sai dai Yaya, ki duba. Idan damina ta ƙi, ko biyu daga cikin masu gidajen nan suka rasu, ina Kawu zai sa kansa? Malaminmu yakan ce taimakon da ba a rubuta ba ba shi da tabbas. Ƙungiyar nan kuwa duk wata za ta riƙa ba shi buhu. Amma da na rubuta dami goma sha biyu, shugabar ofis ta ce ai wannan ya fi ƙarfin tallafi. Dole ta sa na bayyana gaskiyar lamarin. Ki kwantar da hankalinki, takarda ce ta ofis, daga ita sai malamina za su gani. Wata rana za ki ce na yi daidai.

Ki huta lafiya.
Bahauddeen

Kafin Dafga, 20 ga Janairu

Bahauddeen,

Salamu alaikum. Lafiyar jiki muna da ita.

An ce ranar Litinin wani gari aka tura ka, to bari in ba ka labarin abin da ka shuka. Mutanenku sun zo da mota da lasifika, suka tara maza a ƙofar gidan mai unguwa. Wai ƙa'idarsu ce a karanta bayanin kowa a fili, jama'a su shaida, don kada a ce an yi son kai. Ko ba a koya muku wannan ba? Mu muna cikin gida, amma lasifika ba ta san katanga ba.

Aka kira sunan Kawu. Aka ce gonarsa dami huɗu take yi, sauran sadakar maƙwabta ce da ake ɗora masa a ɓoye. Sadaka, Bahau. Mai karatun ya ce, "Jama'a, haka ne?" Malam ya ce mini kowa ya sunkuyar da kai, Salman har hularsa ya cire yana juya ta. Mai karatun ya sake tambaya. Sai Kawu ya dafa sanda ya miƙe ya ce, "Haka ne, yaro. Wa ya rubuta?" Aka karanta masa sunanka. Ya ce, "To, ɗana ne, ba zai yi mini ƙarya ba." Ya wuce gida, buhun ko kallonsa bai yi ba.

Washegari ya aika aka kira Salman, ya sa shi ya buɗe rumbu ya sauko da abin da ya rage. Ina wurin. Yana zaune a tabarma yana nunawa da sanda: wannan na gidan Abdullahi ne, wannan na gidan liman, wancan na gidan mai unguwa. Ko ɗaya bai kuskure ba. Ashe ɗaurin damin kowa ya sani. Na ce, "Kawu, dama ka sani?" Ya ce, "Maijidda, gonar da na noma shekara arba'in? Na sani, sun san na sani. Suna bayarwa, ina ci, ba wanda ya ji kunyar wani. Yanzu an faɗa."

Salman ya mayar wa kowa nasa da rana tsaka, ta tsakiyar gari, domin haka Kawu ya ce a yi. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. Kuma haushin kaina ya fi naka yawa, ni na ba ka maganar.

Sai wani jiƙon.
Maijidda

Kano, 28 ga Afrilu

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, in za ki amsa. Wata uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

Kin san na je wurin Kawu kafin in baro Karaye, ban iya biyowa ta gidanki ba. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, ya tambayi karatu, ya tambayi Innarmu a Ruwan Bago, ya sa mini albarka. Na fara ba shi haƙuri, ya ce, "Sha ruwa, ka sha hanya." Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Na roƙi ofis su cire sunansa, suka ce takarda ta riga ta wuce sama, kuma ko an cire ba abin da zai gyara.

Rahoton ya ci maki mafi yawa a ajinmu. Malaminmu ya karanta shi a gaban ɗalibai, ya ce haka ake bincike, aka tafa mini. Na fita na zauna a bayan aji har aka tashi.

Jarrabawar ƙarshe za mu fara goma ga Yuni, sati uku za a yi, wanda ya rasa ta sai baɗi. Don Allah ki gaya mini halin da suke ciki, kada ki rage komai. Ki gaya mini abin da zan yi.

Ki yafe mini.
Bahau

Kafin Dafga, 6 ga Yuni

Bahau,

Wa alaikumus salam, na amsa.

Dawarsu ta ƙare tun watan jiya. Inna Turai ta sayar da akuyarta, sau ɗaya suke ɗora tukunya. Idan na kai tuwo sai ya tambaye ni na wace gona ne, in dawo da kwanona. Ya daina zama a dakalin masallaci.

Ruwan shuka ya sauka shekaranjiya, kowa ya fita. Kawu ya sallami Salman, ya ce noman ma ashe sadaka ne. Malam ya je, liman ya je, Kawu ya ce ba wanda zai sa masa fartanya a gona sai jininsa. Jininsa namiji kuwa kai kaɗai ka rage.

Na san ranar jarrabawarka. Ban ce ka zo ba, ban ce kada ka zo ba. Ƙasa dai ba za ta wuce kwana goma da laima ba, irin shuka kuma yana ɗakina.

Allah ya zaɓa mana mafi alheri.
Yayarka, Maijidda