Esi a Tsohuwar Bas ɗin Baba

Birnin Kudu,
ranar Asabar.

Zuwa ga Yaya Musaddiq,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Ummussalma da yara da sauran mutanen Dingaya. A gaishe mini da Inna da jiki.

Na rubuto ne saboda ka mayar da kashe mini waya al'ada. Takarda dai sai ka karanta kafin ka yaga.

Ranar Alhamis da ka kawo Inna asibiti ganin likitan zuciya, ni na tare ta a bakin ƙofa. Zaninta ya jiƙe sharkaf da gumi, tana warin taki da kashin awaki. Matan da muke aiki tare a ɗakin ba da magani suna tsaye suna kallo, har ɗaya ta tambaye ni ko wata 'yar ƙauyenmu ce nake taimaka wa. Likita ya auna jininta ya ga ya hau, ya tambaya a me aka kawo ta. Kunya ta hana ni nuna masa.

Yaya, bas ɗin nan ta girme ni. Baba ya ci moriyarta har ya rasu, kai kuma ka rungume ta kamar ita kaɗai ya bari a duniya. Ranar kasuwa ka loda mata buhuna da awaki, ranar asibiti ka loda mata uwarmu. A bazarar nan ba mota ba ce, tanderu ne mai taya.

Ɗakin da ke kusa da nawa babu kowa, kuma akwai esi mai sanyaya ɗaki a ciki. Maigidana Alhaji ya amince Inna ta dawo nan. Ka haɗa mata kayanta, zan turo direba. Ba roƙonka nake ba.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka,
Khuzaima

*

Dingaya,
ranar Talata.

Khuzaima,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Inna ta amsa gaisuwa.

Motar da kike jin kunya, ita ta kai ki makarantar kwana da akwatinki a kan rufinta. Lokacin ban ji kin ce tana wari ba.

Inna ba za ta bar ɗakin da mijinta ya bar ta a ciki ba. Ni nake ɗaga ta in ƙafa ta riƙe, matata ke dama mata kunu, jikokinta ke kwana a gefenta. Na san abin da ya sa ɗakin kusa da naki babu kowa. Shekara da shekaru kina gidan Alhaji ba a ji kukan jariri ba, shi ne kike neman tsohuwar da za ki yi renonta. Uwata ba 'yartsana ba ce.

Tunda zafi ne hujjarki, zan sa wa motar esi. In na sa, sai ki nemo wata hujjar.

Wassalam.
Musaddiq

*

Dingaya,
ranar Juma'a.

Zuwa ga Hajiya Khuzaima,

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Alhaji. Yaya aiki, yaya zafi? Yara, su Munawwara, suna gaishe ki. Don Allah ki yi haƙuri da rubutuna, kuma kada Yayanki ya san na aiko.

Na ga abin da ya rubuta miki kafin ya rufe, na roƙe shi ya cire maganar haihuwa, ya ƙi. Ni ina ba ki haƙuri a madadinsa.

Hajiya, maganar esi ta zama gaske. Ya fara kai motar wurin Yunusa, bakaniken da ke duba ta a Gwaram tun Baba na da rai. Yunusa ya ce ba zai sa hannu ba. Wai motar ba irin na yanzu ba ce, ba ta da lagireto, ba a zuba mata ruwa, iskar fanka ce kawai ke sanyaya injin da ke can baya. Kuma injin ƙarami ne, ko buhuna aka ƙara mata sai ta yi nishi a hawa, balle a ɗaura mata abin da zai riƙa jan ƙarfinta. Ya ce a sa labule a tagogi, a riƙa fita da sassafe, ya wadatar. Yayanki ya ce ba labule ya yi wa ƙanwarsa alkawari ba.

Sai ya samo wani mai gyaran firji, wanda ya ciro kayan esi daga wata mota da ta yi hatsari. Don a biya shi aka sayar da sa ɗaya cikin shanun huɗa, ga damina ta kusa, ban san da me za mu yi huɗar gyaɗa ba. Mutumin ya huda jikin motar, ya ɗaura wani ƙarfe mai nauyi a gefen injin da bel, ya kafa akwatin sanyin a ƙarƙashin kujerar tsakiya. Da aka ga sanyin yana zurarewa, sai ya bi tagogin baya duk ya liƙe da gam. Yanzu ba sa buɗuwa.

Jiya aka gwada a cikin gari. Sanyi yana zuwa, ba ƙarya. Amma da an kunna sai motar ta yi kamar an riƙe ta ta baya, yara a keke suna wuce mu suna dariya. Da muka dawo ba a iya taɓa murfin injin. Inna kuma ta ce mini a ɓoye sanyin yana shiga mata gwiwa, ita ta fi son taga a buɗe tana kallon gonaki. Ta ce kada in gaya wa kowa, kada ɗayanku ya ga kamar ta bi bayan ɗaya.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ki rubuto masa magana mai laushi, ko layi biyu, ki ce ya bar esin, ya kawo ta da safe. Wallahi in daga gare ki ta fito zai sami hanyar sauka ba tare da kunya ba. Ni ya daina jin tawa.

Allah ya bar zumunci. Ki huta lafiya.
Taki,
Ummussalma

*

Birnin Kudu,
ranar Litinin.

Zuwa ga Yaya Musaddiq,

Assalamu alaikum, da fatan kowa lafiya.

Labari ya iso mini cewa Dingaya ta sami mota mai esi. Ina taya ka murna. An ce har sa ka sayar, ashe dai Inna ta kai darajar sa ɗaya a wurinka.

Na karanta abin da ka ce game da ɗakina. Na ajiye shi.

Layin safe ya cika, don haka na sa an mayar da ganin likitan Inna bayan azahar ranar Alhamis. Ga mai esi ai duk ɗaya ne. Zan tsaya a bakin ƙofa da matan nan da suka gan ta rannan. In ta sauko zaninta a bushe, na yi maka alkawari ba zan sake ta da maganar dawowarta wurina ba. In kuwa na ga gumi ko a goshinta ne, a motar Alhaji za ta wuce, ta kwana gidana.

Ka gaya wa matarka na ga saƙonta, kuma magana mai laushi ta ƙare mini.

Ƙanwarka,
Khuzaima

*

Dingaya,
ranar Lahadi.

Zuwa ga Hajiya Khuzaima,

Assalamu alaikum. Yaya mai jiki? Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne.

A asibiti kin ƙi kallona, kin ce ba kya son jin komai daga bakinmu. Amma ni ina cikin motar, kuma ya kamata ki san yadda aka yi.

Da ya ga layinki na ƙarshe ya gane na rubuto miki, kwana biyu bai ci abincina ba. Ranar Alhamis mun fito rana tana tsaka. Na zauna da Inna a baya, na lulluɓe mata gwiwa da mayafina. Har muka wuce Gwaram lafiya, sai dai tafiyar kamar ta jaki. Can gaba na fara jin ƙauri daga bayanmu, kujerar ma ta ɗauki zafi. Na ce masa ya kashe esin ko na ɗan lokaci ne injin ya huta. Ya ce in ya kashe, tagogi ba sa buɗuwa, Inna za ta yi gumi, kuma kina can kina jira da mutanenki. Inna da kanta ta ce, "Musaddiq, tsaya in sha iska." Ya ce mata saura kaɗan.

A wani hawa, inda babu gida babu bishiya, motar ta yi wata ƙara ta tsaya. Hayaƙi ya fara shigowa ta ramukan da aka huda. Ya zagayo zai buɗe ƙofar gefe, ta cije. Ya ja, ya ja, ta ƙi. Na so in tura Inna ta kan kujerar gaba, amma kin san nauyin jikinta da ƙafarta. Tana tari tana riƙe da wuyan rigata, sai na ji hannun ya saki. Da dutse ya fasa gilashin, ya zura hannu ya ɓalle ƙofar ta ciki, duk ya yanke damtsensa.

Muka kwantar da ita a inuwar motar a gefen kwalta. Wasu mata masu tallar nono suka tsaya, suka yi ta yi mata fifita da faifai, ɗaya ta zuba mata ruwa a ka. Bakinta ya riga ya karkace. Motoci suna wucewa gilashi a rufe, Yayanki yana tsakiyar titi yana ɗaga hannu da jini. Daga ƙarshe wata akori-kura mai ɗauke da buhunan riɗi ta tsaya. A kan buhunan muka kawo ta, kamar yadda kika gani.

Motar tana can inda ta mutu. Yunusa ya je ya duba ya ce injin ya ƙone, ba ya gyaruwa. Yayanki bai ce a jawo ta ba. Ba ya fita ko masallaci sai an yi masa magana.

Ban rubuto don in wanke shi ba. Amma Hajiya, ni da ke mun san abin da na roƙe ki.

Allah ya sa mu ji alheri.
Ummussalma

*

Dingaya,
ranar Laraba.

Zuwa ga ƙanwata Khuzaima,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Alhaji. Yaya jikin Inna?

An ce an sallame ta kin wuce da ita gida. Na zo shekaranjiya a kan acaɓa, na zo jiya. Maigadi ya ce an hana shi buɗe mini. Na zauna a gindin katangarku har la'asar.

Kin ci. Ki riƙe ta, ba zan ce ta dawo ba. Maganar da na yi miki a kan haihuwa, na janye ta, ki yafe mini. In kina so in faɗa a gaban Alhaji da matan wurin aikinki, zan faɗa.

Ki bar ni in gan ta ko daga bakin ƙofa ne. Ba zan zauna ba, ba zan taɓa komai ba. An ce ba ta magana. Ina so in san ko tana gane mutane. Munawwara kullum sai ta shimfiɗa tabarmarta a ɗakin Inna.

Ina jiran amsarki.
Yayanki,
Musaddiq

*

Birnin Kudu,
ranar Juma'a.

Yaya Musaddiq,

Wa alaikumus salam. Saƙonka ya iso.

Inna tana samun kulawa. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, ba ta magana, amma tana gane mutane sarai. Likita ya ce a nisanta ta da duk abin da zai ta da mata hankali.

Kwanakin farko, da ta ji an tsaya da abin hawa a waje sai ta juya fuskarta wajen ƙofa, ta ƙi karɓar abinci har sai ta ga wanda ya shigo. Ranakun da ka zo ma haka ta yi, ta ji muryarka kana magana da maigadi. Saboda haka na mayar da ita ɗakin baya, inda ba a jin motsin titi. Tun jiya ta daina juyawa.

Kada ka wahalar da kanka da zuwa. In akwai wani labari, za a aiko.

Ka gaida gida.
Khuzaima