Naman Layya a Firjin Ɗakin Gwaji

Abdulhamid Maigandi,
Shiyyar Yamma, Dundaye,
Sakkwato.
16 ga Yuni, 2025.

Mai Girma Shugaban Kwamitin Gudanarwa,
Asibitin Dabbobi na Zumuntar Makiyaya,
Sakkwato.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: LALATA GWAJIN HANJIN KARENA DA MALAM MU'AZ, JAMI'IN ƊAKIN GWAJI, YA YI

Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan an yi Sallah lafiya, ina neman izinin gabatar da kukana kamar haka:

1. Ina da kare mai suna Ƙyale-su, wanda ke gadin tumakina. Tun da ya girma ɓarawo bai raba ni da ko 'yar tunkiya ba. Tun damunar bara yake fama da zawo da amai, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa.

2. Ranar Litinin, 2 ga Yuni, Dakta Zulaihatu ta asibitinku ta yi masa aiki, ta yanko 'yan gutsattsarin naman hanjinsa. Ta bayyana mini cewa akwai sinadarai masu kama wasu alamomi a cikin naman su fito da launi. Da su ake gane ko daɗaɗɗen kumburin hanji ne, ko kuwa ciwon daji, kuma maganin wannan daban, na wancan daban. Naman da sinadaran duk sanyi suke so, don haka ta sa su a akwati, ta rubuta "kare" a kai, ta ajiye a firjin ɗakin gwaji sai an dawo hutun Sallah.

3. Ranar Juma'a, 6 ga Yuni, ranar Babbar Sallah, duk Sakkwato kowa ya kafa ragonsa a bakin wuta kamar yadda muka gada. Shi kuwa Malam Mu'az, da yake wayayye ne, sai ya kwaso cinyoyin bijimin layyarsa a buhu, ya buɗe ofis da makullin da aka ba shi amana, ya fitar da akwatin ya ɗora a kan taga, ya cusa namansa a firjin. A nan akwatin ya sha ranar Sakkwato har Talata, 10 ga wata, lokacin da Dakta ta tarar komai ya ruɓe.

4. Da na tunkare shi, ko gezau. Ya shaida mini cewa bai halatta naman ibada ya kwana wuri ɗaya da naman kare ba. Ranka ya daɗe, mutumin nan albarkacin karnuka da jakuna yake karɓar albashi, ban kuma taɓa jin ya mayar da shi don ƙyama ba. Tsoron Allahn nasa ya ga rubutun akwati, amma bai ga cewa firjin ba na gidansu ba ne. Na raina wannan tsoron Allah, na kuma raina mai shi.

5. Dakta ta ce karen ba shi da ƙarfin da zai jure aiki na biyu. Yanzu magani take ba shi bisa zato. Kullum da safe yakan ja jiki ya kwanta a bakin garke, ko haushi ba ya iyawa, amma ya ƙi barin wurin. Wallahi abin yana ci mini rai.

6. Jiya Lahadi Malam Mu'az ya aiko ƙaninsa da langar soyayyen nama, daga cikin wanda ya kwana a firjin, wai a ba ni haƙuri.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma Shugaba ya karɓe makullin ɗakin gwaji daga hannunsa, ya gurfanar da shi gaban kwamiti, ya kuma ba Dakta Zulaihatu duk abin da take buƙata don ceto abin da ya rage na karen nan.

Langar tana tare da wannan takarda, ba a taɓa ko tsoka ɗaya ba. Iyalina sun ƙi ci, shi kuma Ƙyale-su likita ta hana shi maiƙo. Ina roƙon a ajiye ta a kan tebur ranar zama, don 'yan kwamiti su ga abin da aka musanya da ran karena.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da adalci.

Naka mai biyayya,

Abdulhamid Maigandi