Masu Fita Daga Layi

Injiniyana,

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya kewar gida? Jiya Baba ya sake kirana ɗakinsa, yana so ya ji yaushe za ka dawo a yi aurenmu. Kullum ina tsaye a tagar ba da magani ta asibitinmu ina kallon layi, kowa ya san zai iso gabana, ni kaɗai ce ban san inda nake ba. Zama ya gagare ni, ɗakin da na share ma sai in sake sharewa. Ko watan ne ka faɗa min.

Taka har kullum

*

Sarauniyata,

Wa alaikis salam. Ki gaishe min da Baba da Mama. Wallahi abin ba a hannuna yake ba. Bincikena a kan injin cika kwalabe ne a wata masana'anta, kuma sai ya yi ta lalacewa sannan zan iya lissafa yadda lalacewar ke zuwa babu zato. Ga shi tunda na zo ja'irin ko tari bai yi ba! Zagaya shi nake yi kamar mai jiran haihuwa. Malaminmu ma ya nuna mana a allo cewa a irin wannan jira, daɗewar da ka yi ba ta rage maka komai daga abin da ya saura. Da ban sha'awa, ko?

Naki

*

Injiniya,

Salamu alaikum. Bai ba ni sha'awa ba, raina ne ya ɓaci. Tambaya ɗaya gare ni. A littattafan naku, akwai waɗanda ke gajiya su fita daga layi?

Taka

*

Sarauniyata,

Amin, wa alaikis salam. Kin sosa min inda ke min ƙaiƙayi! Babi guda aka ware musu. Don Allah ki lura min a tagarku: wane irin mutum ne ke fita, kuma yakan yi magana kafin ya tafi? Zan sa a bincikena.

Naki

*

Injiniya,

Salamu alaikum. Na lura maka. Masu masifa ba sa fita. Wanda ke fita mai haƙuri ne, zai tambaya sau ɗaya, sau biyu, sai ka ɗago kai ka ga na bayansa ya matso.

Zobenka yana wajen ƙanwarka. Allah ya sa injin ya lalace, ka gama lafiya.

Ka huta lafiya,
Mai ba da magani