Ƙuri'un da na goya a bayana

Assalamu alaikum masu wannan shafi da masu karanta shi. Ga ta nan, ga ta nanku, amma ku gyara zama, don wannan babu Gizo babu Ƙoƙi, ni ce a ciki. Ban yi boko ba, wata ce ta riƙe mini alƙalami bayan na rantsar da ita, sunayen kuma na sauya su. Don Allah kada ku yanke mini hukunci sai kun ji ƙarshe.

Ni unguwar zoma ce a Tamale, a hannun uwata na gaji aikin. Gab da samun 'yancin kai aka ce za a zaɓi wanda zai je majalisa a Ankara, babban birnin ƙasarmu. Ƙanena Fuseini, ticha ne, ya tsaya da alamar fartanya. Malam Seidu na unguwar Kukuo ya ajiye aikinsa na akawu ya tsaya da alamar fitila. A zamanin nan kowane ɗan takara da akwatinsa. A miƙa maka takarda ɗaya, ka shiga bayan labule kai kaɗai, ka jefa inda ranka ya so.

Matan Kukuo duk na fitila ne, amma tsoron ɗakin zaɓen suke. An baza cewa wadda ta yi kuskure Bature zai rubuta sunanta. Na san ƙarya ce. Me ya hana ni faɗa musu? Sai na ce, "'Yan uwa, kada ku wahalar da kanku. Ku shiga, ku cusa takardar a ɗankwali ku fito. Ni zan shiga a ƙarshe in zuba muku a na fitila." Sanatu mai koko ta yi dariya ta ce, "Mma, fitila fa, ba fartanyar ƙanenki ba!" Na ce, "Haba Sanatu, hannun da ya yanke cibiyar ɗanki ne zai cuce ki?" Suka ba ni. Wace ce za ta hana matar da ta ga tsiraicinta ranar naƙuda?

Na jera takardun a gadon bayana, na ɗora jaririyata a kai, na ɗaure zane. Ɗan sandan ƙofa har wasa ya yi wa yarinyar. A bayan labule na tsaya, ga fitila ga fartanya. Na kwance goyo. Duk na zuba wa ƙanena.

Fuseini ya ci da ƙyar. Malam Seidu ya ce atafau an yi maguɗi, don abin da ya fito daga akwatinsa bai kai mutanen da suka yi masa alkawari ba. Matan suka yi gum, wace ce za ta gaya wa mijinta ta ba da takardarta? Dattawa suka kira Fuseini da Malam Seidu gaban liman. Ƙanena da bai san komai ba ya dafa Alƙur'ani ya ce, "Ni ko wani na gidanmu, babu wanda ya taɓa ƙuri'ar kowa." Ina bayan zana ina ji. Ko wani na gidanmu! Na bar rantsuwar ta wuce a haka. Daga ranar aka laƙaba wa mutumin nan Seidu Mai Ƙazafi.

Abin da ya fi ci mini rai, ƙanena ya yi aiki tsakani da Allah. Da batakarinsa, rigar saƙi irin ta mutanenmu, yake shiga majalisa, ya yi ta magana kan ruwan sha har abokansa suka sa masa Onarabul Rijiya. An haƙa rijiyoyin, na unguwar Gumani har yau ana sha. An yi masa tayin gida a Ankara ya ƙi. Da soja suka karɓi mulki aka bincike shi, aka sallame shi ya dawo da akwatin kayansa ɗaya. Shekara da shekaru ina lallashin kaina da wannan, in ce ai alheri ya fito. To rijiya tana wanke rantsuwar ƙarya?

Yanzu ga inda kowa ya ƙare. Sanatu ta rasu ba ta sake kirana haihuwa ba, ba ta kuma taɓa faɗin dalili ba. Malam Seidu bai koma aikin akawu ba, a gona ya ƙare, sunan nan ya bi shi har kabari. 'Yarsa Azara tana nan a Kukuo, kowace sallah sai ta kawo mini tuwo, don ni na karɓi haihuwarta. Jaririyar da na goya kan takardun ta yi jikoki. Fuseini ya tsufa, ido ya tafi, ƙirji ba lafiya.

Shekaranjiya ya sa aka kira ni. Ya kama hannuna ya ce, "Yaya, tafiya ta matso. Abu ɗaya nake taƙama da shi gaban Allah, ban taɓa hawa kujerar haram ba. Ran Juma'a ki raka ni Kukuo. Zan gaya wa Azara gaban mutane na yafe wa ubanta ƙazafin da ya yi mini." Na ce, "Allah ya kai mu." Abin da na iya faɗa ke nan.

In na yi shiru, zan zauna ina kallo a yafe wa mai gaskiya laifin da ni na yi, 'yarsa kuma ta durƙusa ta yi godiya. In na yi magana, zan ƙwace wa makaho sandar da ta rage masa, wataƙila ma zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Ba zan ce ƙurunƙus ba, don ba ta ƙare ba. Yau Laraba.

Jama'a, me zan yi?