Karan Ɗorinki Uku Da Na Ƙi Ƙonawa

Zuwa ga Sakinatou, Sajan ɗin zuciyata, gawon da ke fid da ganye lokacin da sauran itatuwa suka tuɓe, ruwan rijiyar Kandi a garin da ruwansa ke da gishiri, iskar teku ta bayan la'asar da ke ratsowa Zangon Kwatano ta kore mana warin kwata. Sallama irin ta addini, tare da gaisuwar tsohon da bai iya gaisuwa ba sai da ƙorafi a cikinta.

Shekara bakwai ke nan kina gaishe ni kamar yadda ake gaida baƙon da ya taka wa mutum tabarma da takalmi. Na zo wucewa ta rumfarki a kasuwar Misebo, ki ce ina kwana Malam Maharazu, idonki na kan dilar gwanjo. Sau biyu na aiko ƙanwata Zakiyya da maganar aure, sau biyu ta dawo mini hannu na dukan cinya, babu i, babu a'a. Shekara huɗu kuma ina hawa zemijan, babur ɗin haya, ina ƙetara gada zuwa ofishin nan na tsofaffin sojoji, su ma babu i, babu a'a. To ni wane irin mutum ne da duniya ta haɗa baki ta ƙi amsa masa? Akuya ma idan ta yi kuka a bakin ƙofa, ana leƙowa a ce mata kas.

Da ajami na rubuta miki, don shi kaɗai na iya, kuma na san kin yi allo kafin ki yi lakkol, wato boko. Ba zan zauna gaban mai rubuta wasiƙa in zazzage masa sirrinki yana lasar alƙalami ba. Idan kin ga baƙi ya karkace, hannun maɗori ne, ya saba da ƙashi, bai saba da tawada ba.

Ya sanyin idona, kin tuna zuwanki na farko? Shekara goma sha ɗaya ke nan. Kin shigo zaurena da hannun dama a naɗe cikin mayafi, kina tafiya ƙyam kamar kwakwar bakin teku, wadda iska ke duka dare da rana ba ta rusuna ba. Ke mace ce da ta yi shekara ashirin da biyu tana tuƙa manyan motocin soja, har ƙasar da aka tura ku tsaron zaman lafiya. Kika ce mini faɗuwa kika yi a bakin famfo. Na taɓa hannun. Shekara hamsin ina ɗori, Sakinatou. Wanda ya faɗi, a wuyan hannu yake karyewa, don da tafi yake tare ƙasa. Naki a tsakiya ya karye, tsakanin gwiwa da wuyan hannu, ta gefen waje. Nan ne ƙashi ke karyewa idan mutum ya ɗaga hannu ya kare fuskarsa. Na ja, na daidaita, na jera kara na ɗaure. Maza masu gemu sun yi fitsari a kan tabarmar nan, ke ko uffan. Da na gama kika sara mini da hannun hagu, kika ce na gode, Janar na ƙasusuwa.

Bayan sati uku kika kawo mini wagashi, cukun nonon nan, soyayye da yaji. Kika zauna nesa, kina ba ni haƙuri wai da hagu za ki ci. Ni kuwa na sa hannun dama a aljihu, na ci da hagu tare da ke. Ladanin masallacinmu ya leƙo ya gani, ya yi ta salati, har yau yana yi mini gori. Kika yi dariya har kika ƙware. Dariyar nan, ya zuma farar saƙa, ita ce damina ta ƙarshe da ta sauka a gonata. Tun da uwar 'ya'yana ta rasu ban ji wani abu ya tsiro a ƙirjina ba sai ranar. Na danne shi, don matar wani ce ke, kuma ni ba ɓarawo ba ne. Amma an taɓa danne ciyawa da dutse ta fasa fitowa ta gefe?

Kika dawo da karaya ta biyu, wai ƙofar mota. Kika dawo na uku, ba ki ce komai ba game da hannun. A ranar kika gaya mini abin da wani babba ya yi miki a sansani a can ƙasar, da yadda Rafiou, mijin naki, sojan da ya kamata ya zame miki katanga, ya ji labarin ya mai da laifin kanki. Wannan maganar ba zan sa ta a takarda ba. Tana nan inda kika ajiye ta, kuma da ita za a binne ni.

Yanzu bari in zo kan abin da ke sa ni tofar da yawu idan na ga fuskata a ruwan alwala.

Kin kai ƙarar Rafiou ofishinku na tsofaffin sojoji. Maimakon su kira ki ɗaki su saurare ki, sai suka ce maganar gida ce, a yi sulhu. Aka taru a zauren mai unguwa, maza goma sha huɗu da ke kaɗai. Mutum biyu daga ofishin, ɗaya abokin Rafiou ne tun suna kurata, shi ne ma mai riƙe da alƙalami. Aka kira ni, aka ce Malam, kai ka ɗora hannun nan, faɗuwa ce ko duka? Ubana, Allah ya jiƙansa, ya koya mini cewa hannun maɗori na da ido, bakinsa kuwa makaho ne. Abin da mai karaya ya faɗa a bakin ƙofa, shi ne maɗori zai faɗa har gaban alƙali, in ba haka ba mata su daina zuwa, su ruɓe a ɗaka. Na dubi mazan nan suna tauna goro, idanunsu kamar na ungulu a bayan mahauta, na ce a raina ba zan tuɓe ta a gabansu ba. Na ce faɗuwa ce. Na ɗauka sutura nake yi miki. Ban tsaya na yi tunanin cewa ke da kanki kika kawo ƙarar ba, ke da kanki kika yaye mayafin, ni kuma na ruga na toshe miki baki da shi. Kika dube ni sau ɗaya. Mai alƙalami ya rubuta. Aka yi fatiha, aka ce ki koma ɗakinki ki yi haƙuri.

Wata huɗu kika ƙara a gidan kafin ki fitar da kanki da kanki. Babu namijin da ya fitar da ke, har da ni. Tir da wannan harshe nawa. Da naman miya ne, kare ma ba zan ba shi ba.

Amma kada ki ɗauka ni kaɗai nake wari. Bari in gaya miki abin da na gano a shekara huɗun da na yi ina zarya, ko da yake kin riga ni sani. Ofishin nan wuri ne da aka ce na waɗanda suka bauta wa ƙasa ne. Ƙofa ɗaya, benci ɗaya, tagar gilashi ɗaya mai ɗan rami. Wanda ya zo neman katin likita da wadda ta zo da abin da ba ya faɗuwa, layinsu ɗaya. Sai ki sunkuya ki ɗaga murya ta ramin, mutum ashirin a bayanki suna miƙa kunne, rabinsu sun ci tuwo da mijinki. Na ga wata yarinya, ba ta wuce talatin ba, da tabo a gira. An tambaye ta sau uku me ya kawo ta, ta ce ta yi ɓatan ofishi ne, ta fita. Na ga wani dattijo mai lambar yabo a ƙirji, 'ya'yansa ne ke dukansa a gida, aka yi masa dariya, wai soja guda. Kifin da ya kwana uku a kasuwar Dantokpa ya fi wurin nan ƙamshi, don shi aƙalla ba ya saka kaki ya ce shi mai taimako ne.

Na ce musu ni ne maɗorin da ya yi ƙarya a dosiyen ƙarar Sajan Sakinatou, na zo in janye. Suka ce ina sartifikar likita? Na ce ba ta je asibiti ba, wurina ta zo, kamar yadda rabin matan Zango ke zuwa. Suka ce ina hatimina? Na nuna musu yatsuna goma. Suka ce abin da aka rubuta ya rubutu. Ashe ƙaryata ba ta buƙaci hatimi ba, gaskiyata ce ke buƙata?

Kin san al'adar gidanmu. Idan aka kwance ɗori, mai karaya ya warke, maɗori ya ƙona karan, ciwo ya tafi da hayaƙi. Naki ban ƙona ko ɗaya ba. Yaya zan ƙona, alhali hannun nan har yau ba ya dunƙulewa, hannun da ya juya sitiyarin mota mai taya goma yanzu allura ma ba ya riƙewa? Yaya zan ƙona, alhali Zakiyya ta ce idan aka bugo ƙofar rumfa da ƙarfi sai kin ɗaga shi kin kare fuska? Ɗauri uku, kowanne da tsumman da na naɗe shi, kuma tsawon karan da wurin lanƙwasarsa na nuna inda ƙashin ya karye. Na kai musu. Ma'aikacin da ke bayan ramin gilashi ya ce Baba, nan ba a sayen itacen girki. Benci ya kwashe da dariya. Na tattara abina, na ce Allah ya kawo ranar da za a shigo da kai zaurena a kan tabarma, zan ɗora ka, amma sai ka faɗi gaskiyar yadda ka karye.

To, ya tauraruwar da matafiyi ke dubawa idan hanya ta ɓace, ga dalilin wasiƙar nan. Satin da ya wuce na tarar an kawo wata mace ofishin, Madam Assétou, ita ma tsohuwar soja ce. Ta ji ina masifa, ta fito, ta shigar da ni wani ɗaki mai ƙofa, ta rufe ƙofar, ta ba ni kujera. Shekara huɗu, ranar na fara sanin akwai kujera a wurin. Ta kwance karan ɗaya bayan ɗaya, ta gwada a nata hannun. Sannan ta ce ranar Alhamis mai zuwa kwamiti zai zauna, ana iya buɗe dosiyenki, a ji shaidata, a tura ki wurin likitan ƙashi a duba hannun, a haɗa ki da mace mai sauraron irin wannan ciwo, ba tare da an kira Rafiou ko abokansa ba. Na miƙe na ce to a rubuta yanzu. Ta ce a'a, Baba, sai mai hannun ta yarda, ba za a taɓa komai ba sai da bakinta.

Wallahi na fusata. Na zazzaga mata, na ce ita ma irinsu ce. Sai da na kai tsakiyar gada, ruwa na ƙasa, hayaƙin babura na sama, na ga cewa gaskiya ta faɗa. Sau ɗaya na yi magana a madadinki ban tambaye ki ba, ga inda ya kai mu. Zan sake ne?

Ban ce miki wurin ya gyaru ba. Mace ɗaya ce da ɗaki ɗaya, kuma ramin gilashin na nan. Na gaya mata a fuskarta, sai sun buɗe ƙofa ta daban ga masu irin wannan zuwa, sai sun daina mai da ƙara zauren sulhu, sai sun karɓi shaidar ungozoma da maɗori, don mu ne muke ganin abin da asibiti ba ya gani. Ta rubuta. Ko takardar za ta yi ƙafa, oho. Amma ƙofar da aka buɗe taki ɗaya ta fi bango, kuma idan Sajan ta shiga, yarinyar nan mai tabo a gira za ta ga ana shiga.

Ga alkawarina. Ƙashi kaɗai zan yi magana a kansa: sau nawa, a ina, da abin da ke karya shi a nan. Zan ce ni Maharazu na yi ƙarya gaban mutum goma sha huɗu. Idan matan Zango suka daina zuwa zaurena don na karya dokar ubana, su daina, ni zan amsa masa a can. Maganar sansani kuwa taki ce, ko ki faɗa ko ki bari.

Kada kuma ki haɗa wannan da maganar aure. Ba ciniki nake yi ba. Ko kin ƙi ni har a naɗe ni a likkafani, zan ci gaba da son ki kamar yadda ƙasar fako ke son hadarin da ya wuce ta ya je ya zuba a wani gari. Shekarata saba'in da ɗaya, haƙorana tara, ba ni da lokacin canja zuciya, kuma ko ina da shi ba zan canja ba. Kin san taurin kaina.

Na ba Zakiyya karan, duka ɗauri ukun, tare da takardar nan. Naki ne, tun farko ma ba ni da ikon yawo da su ofis-ofis. Idan kin yarda in yi magana, ki maido mini da su kafin azahar ɗin Laraba, in goge rigata. Idan ba ki yarda ba, ki ƙona su da hannunki, ki aiko mini da tokar a ƙullin takarda, in rufe bakina har abada, wannan karon da izininki. Ko kara ko toka, duk wanda ya zo zan karɓa da hannu biyu.

Abin da ba zan ƙara karɓa ba shi ne ina kwana Malam. Ofishi ya yi mini shiru shekara huɗu, ke bakwai, ubana yana kabari ba ya amsawa. Ni ne naki, mai laifinki, wanda ya ci wagashi da hagu kuma zai sake ci gaban duk ladanan Kwatano, Maharazu maɗori na Zango. Ina zaure, ƙofa a buɗe, na kori masu targaɗe har zuwa Laraba. Ki amsa mini, Sakinatou. Ko zagi ne, ki amsa.