Surukata Ta Karɓe Shirin Hawan Kogon Batu

Anti Bintu, don Allah ki agaza mini, saura kwana tara kuma na rasa ta inda zan ɓullo.

A unguwar Danau Kota ta birnin Kuala Lumpur muke zaune, maigidana yana digiri na uku. Maƙwabciyarmu wata dattijuwa ce Ba'indiya mai addinin Hindu, Anti Saroja. Da na haihu ba ni da kowa a garin nan, ita ta riƙa dafa mini ruwan wanka har na yi arba'in. Bana ɗanta ya tashi daga doguwar jinya, sai ta yi alwashin ɗaukar tulun madara a ka, ta taka matakala 272 zuwa kogon Batu ranar bikinsu na Thaipusam. Ta ce in taya ta shiri, na ce boleh, wato "to" da yaren garin nan.

Ana haka surukata ta iso daga Kano ganin jika. Ta tambayi me ake ta shiryawa, bakina ya yi nauyi, na ce ziyara za su je wani kogo a kan dutse. Shi ke nan! Hajiya ta yi Hajji uku, ta hau kogon Hira da ƙafarta, ta ce ai wannan aikinta ne.

Yanzu kullum bayan karin kumallo sai ta tasa Anti Saroja gaba, su hau bene har hawa na sha huɗu, Anti da tulun ruwa a ka, Hajiya a baya tana ƙirga matakala da carbi. Ba mai jin yaren wata. Hajiya ta koya mata naɗa gammo. Da ta ji akwai birai a wurin, sai da maigidana ya zagaye kasuwar Chow Kit neman danƙon harbi. 'Yan'uwan Anti shida sun shiga atisayen, har mai gadi yana sara wa Hajiya.

Babbar damuwata, ta yi musu guzurin dambun naman sa cike da bokiti, mutanen da ko ƙwai ba sa ci a kwanakin nan. Kuma ta ce da ita za a hau, har ta goge farin hijabinta. Maigidana ya ce ni na ƙulla, ya tsere laburare. Ina tsoron in zama maƙaryaciya a idon suruka, ina tsoron ta tsinci kanta a wurin bautar da ba tata ba. Ga shi tun rasuwar mijinta Alhaji ban ga tana dariya haka ba.

Mai Neman Mafita, Kuala Lumpur

AMSA

'Yar'uwa, na yi dariya, amma na ji tsoronki. Ba ki yi ƙarya ba, rabin gaskiya kika faɗa, kuma sauran rabin ba zai jira ranar biki ba.

Yau ɗin nan ki kira maigida ya dawo, mahaifiyarsa ce. Ku zauna ku biyu ku gaya mata ibadar Hindu ce, ki nemi afuwa a taƙaice. Kada ki yi mamaki in ta ce ta sani. Matar da ke shiga ɗakin maƙwabciya kullum tana da idanu.

Anti Saroja ta cancanci alheri, ta riƙe ki lokacin da naki suke nesa. Ita ma tana da haƙƙin ta yi ibadarta ba tare da kwamanda ba, don haka ku tambaye ta abin da take so. Ku raka ta tashar jirgin ƙasa da ruwan sha da ayaba, ku tarye ta da ruwan ɗumi na gasa ƙafa. Ɗaukar tulu da shiga kogo ranar nata ne, ba naku ba. In zuciyarki ba ta natsu ba, ku tambayi malamin da kuka yarda da shi.

Dambun ku cinye abinku, kada ya ƙetare ƙofa. Danƙon kuma a ɓoye.

Abu ɗaya kada ki taɓa: hawan benen safe. Bayan biki ma su ci gaba. Hajiya ba kogo take nema ba, ta samu ƙawa ce a ƙasar da ba ta san kowa ba.

Allah ya ba ki ƙarfin buɗe baki, ya bar zumunci tsakaninku.

Anti Bintu